Igiyar da Aka Ɗage Zuwa Lahadi

A ƙauyenmu, in kana son sanin abin da teku zai yi jibi, Maselina za ka nema, 'yar Elisaia. Ita ke kula da bukkokin baƙi na gidansu, inda 'yan Ostareliya ke sauka da allunansu na hawan igiyar ruwa, rana ta gasa su jajawur, su koma gida suna murna. Kullum da sassafe tana bakin rumfa da wayarta, tana duba guguwar da ke tashi can kudu da New Zealand, tana auna ranar da igiyarta za ta iso mana. Wayar ba ta san Ƙofa ba, wannan gurbin da ke jikin dutsen murjanin da ya kewaye gaɓarmu, inda igiya ke tashi ta naɗe. Maselina ta san ta, don ubanta ne ya koya mata tun tana ƙarama. Sai abu uku sun haɗu Ƙofa take yin kyau: igiya mai doguwar tafiya daga kudu maso yamma, ruwa ya cika rabi, iska kuma ta kwanta ko ta huro daga tudu. Da iskar gabas ta tashi da hantsi, shi ke nan, kowa ya koma ya ci gwazarsa.

Ba ta cika kuskure ba. Shi ya sa abin da ya faru ya yi wa kowa nauyi, ita ce kuma ta fi kowa jin nauyin.

Elisaia shi ne mutum na farko a ƙauyen nan da ya hau igiya a Ƙofa, da wani karyayyen allo da baƙo ya yar, ya ɗinke shi da kansa. Mu da muke 'yan mata a lokacin mun ɗauka taɓin hankali ne. Daga baya ya girma, ya zama dattijon coci, mai ɗaukar tiren jibin Ubangiji, mai kujera a sahun gaba. Sai ciwon suga ya same shi. Ya fara da idanu, har ya zama ba ya iya karanta komai a waya, sannan ya sauko ƙafar hagu, inda wani ɗan yankan murjani ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Likitoci suka ce sai Auckland, can New Zealand, kuma za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Jirginsa ran Talata ne.

Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya ya roƙa, kuma kowa a gidan ya ji: safiya ɗaya a Ƙofa kafin ya tafi. Ba sai ya miƙe a kan allon ba, ko a kwance ne ya yarda.

Ran Laraba yana zaune kan tabarma, ƙafar a kan matashi, ya kira ta. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata, me wayar taki ta ce?"

Ta riga ta gani tun da safe, har sau uku ta rufe ta sake buɗewa. Shekara da shekaru ba ta ga irinsa ba. Babbar guguwa ce a kudu, igiyarta za ta iso ran Asabar da asuba, da tazara mai tsawo tsakanin kowace da mai bi mata, ruwa daidai cikarsa, iska kuma ɗan huci ne daga tudu har zuwa hantsi. Irin safiyar da ubanta ke ba da labarinta ce, mutane su ce ya ƙara gishiri.

Ta dubi bandejin da ya riga ya yi rawaya tun kafin azahar. Likita ya faɗa mata a gefe, ba a gabansa ba, cewa in ruwan teku ya shiga gyambon nan yankan zai iya hawa sama da gwiwa, ko ma cutar ta bi jini. Ta san kuma ubanta. Tunda take ba ta taɓa cin gardama da shi ba, in ya ji akwai igiya ko da rarrafe sai ya je.

"Lahadi, Baba," ta ce.

"Lahadi?"

"Da asuba. Asabar ɗin shiru ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Ya juya fuska wajen teku, wanda a idonsa yanzu farin hazo ne kawai. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Ashe Ubangiji ma yana zolayar mutum."

Ba ta iya yin dariyar ba. Ta ce za ta duba tukunya, alhali babu komai a kan wuta.

Dabarar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, ko ni sai da na jinjina mata da na ji. Ran Lahadi ba mai shiga teku don wasa a ƙauyen nan, ɗan gari ko baƙo. Majalisar dattawa tana cin tarar wanda ya karya, aladu da katan-katan na kifin gwangwani, kunyar kuma ta fi tarar. Elisaia da hannunsa ya rubuta allon gargaɗin da ke bakin hanya, shi ne kuma ya sha tuƙa kwalekwale ya koro baƙin da suka yi kunnen ƙashi. Maselina ta ga ta ajiye igiyar a ranar da ba zai taɓa miƙa hannu ya ɗauka ba. Ba faɗa, ba hani, laifin kalanda ne.

Saura kunnensa, don daga tabarmarsa ana jin Ƙofa in ta fara ruri. Sai ta shirya masa zuwa Apia, babban birninmu, ran Juma'a da yamma, ya yi sallama da ƙanwarsa, su kwana can su dawo Asabar da la'asar. Apia a arewa take, tekun can ko motsi ba zai yi ba.

Saura kuma Pati, ɗan gwaggonta, mai tuƙa jirgin ruwan da ke kai baƙi Ƙofa. Ta same shi yana wanke injin.

"Asabar ka fita da su tun duhu-duhu," ta ce. "Kafin iska ta juya ku dawo. Kuma bakinka a rufe."

"A rufe ga wa?"

"Ga Baba. Na ce masa Lahadi ne."

Pati ya ajiye tsumman ya kalle ta daga sama har ƙasa.

"Ke kuwa, 'yar dattijon coci? Ni da kuke cewa tantiri ban taɓa shirya irin wannan ba."

"Ba wasa na zo yi ba, Pati."

"Ni ma ba wasa nake ba. Tsohon nan safiya ɗaya ya roƙa."

"Kai za ka ɗauko shi in ya suma a can? Kai za ka tsaya gaban likita?"

Pati ya koma kan injinsa. "To, na ji. Amma ni ban ce komai ba, ban ji komai ba. Kayanki ne, ki ɗauka."

Ta ɗauka kuwa, kuma ya fi yadda ta zata nauyi. A Apia, Asabar da safe, suna zaune a barandar gwaggo ana shan shayi da burodi, wayarta ta yi ta rawa cikin jaka. Baƙin ne ke turo saƙonni. Ba ta buɗe ko ɗaya ba. Ubanta yana ba ƙanwarsa labarin ranar da ya fara hawa, yana kwatanta igiyar da hannu, gwaggo tana cewa tun a lokacin ta san ba zai yi hankali ba. Maselina ta ɗaga kai ta ga ganyen kwakwa ko motsi ba ya yi. Ta san abin da wannan shirun ke nufi a ɗaya gefen tsibirin. Ta ji kamar ta sace wa makaho abinci daga cikin kwanonsa yana yi mata godiya.

Da suka dawo da la'asar, tun daga saman tudu aka fara jin Ƙofa. Ragowar ce, iskar gabas ta riga ta yamutsa ta, ƙarfinta yana raguwa. Elisaia ya sa aka tsayar da motar, ya leƙo da kansa ta taga.

"Kin ji, Uwata? Ga shi ta fara isowa. Wayar nan taki ba ta ƙarya."

"E, Baba," ta ce, tana kallon sitiyari.

Nan ne ya kamata ta faɗa. Ita da kanta ta ce min haka daga baya, nan ne. Amma ta ga an riga an wuce haɗarin, gobe zai sa farin kwat ɗinsa ya tafi coci, jibi a haɗa kaya, gata a tashi. Ta ce a ranta in ya warke za ta gaya masa, ya zage ta son ransa yana da rai.

Lahadi da asuba kowane gida ya kunna wutar gashin dutse, inda muke gasa abincin Lahadi a kan duwatsu masu zafi, hayaƙi ya lulluɓe ƙauyen kamar kullum, maza suna kankare gwaza, ana matse kwakwa. Maselina ta kai wa ubanta ruwan zafi ta tarar da tabarmar a naɗe. Farin kwat ɗin yana rataye, a goge. Ta ɗaga kai sama, inda tsohon allonsa ya yi shekaru a kan azara, ta ga igiyoyin da aka ɗaure shi da su kawai suna lilo. A ƙasa ga almakashi, ga ragowar leda da salatif.

Ta fita da gudu. Ba ita kaɗai ba ce a bakin ruwa, don ba a ɓuya a tekunmu. Duk wanda ya ɗago kai daga wutarsa ya gani: can nesa, bayan ruwan kwance, a bakin Ƙofa, farin kai ɗaya a kan allo. Bai ɗauki jirgi ba, bai tashi kowa ba, don kada ya sa wani cikin laifinsa. Da hannu ya ja kansa har can.

Kuma babu komai a wurin. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin haushi, ban ma san da wa ba. Igiyar ta mutu cikin dare, iskar gabas ta tashi tun kafin rana, Ƙofa ta zama ruwan wanki, 'yan ƙananan tuddai suna marin juna ba tsari. Mutum ya sayar da sunansa na shekara talatin, ga abin da aka ba shi.

Mutane suka tsaya cirko-cirko. Ba wanda ya yi magana da ƙarfi. Wata ta ce ciwon ne ya taɓa masa kai, wani ya ce ai dama mai hali ba ya bari. Shugaban majalisa ya fito da zaninsa a kafaɗa, ya duba, ya koma ciki bai ce uffan ba, wanda ya fi magana muni.

Pati ya zo ya tsaya kusa da ita.

"In ɗauko jirgi?"

"Ɗauko."

"In na kunna inji ran Lahadi tara biyu ke nan. Ba ita nake ji ba, amma kin san ba zai hau ba. Sai dai in ƙara masa kunya." Ya rage murya. "Saurara. Ki ce taswirar teku ta cikin wayar ce ta ruɗe ki. Kin ɗauka ranar maƙwabtanmu na Pago take bi, kika ƙara kwana ɗaya. Wa bai taɓa yin wannan ba? Ni na taɓa zuwa tarar kawu a filin jirgi ana saura kwana guda ya taso daga can."

Gaskiya ne, tsakaninmu da Pago tafiyar ɗan lokaci ce a jirgi amma kwana guda ne a kalanda, kuma ba gidan da ba a taɓa yin wannan ruɗanin ba. Ƙarya ce mai kyau, an yanka ta daidai jikinta. Maselina ta ji ranta ya miƙa hannu yana so, sai kunya ta kama ta ninki biyu.

Ta shiga ruwan har gwiwa ta tsaya, tana kallon ubanta yana juya allon duk lokacin da wani ɗan tudu ya taso, ya ja hannu sau biyu, tudun ya wuce ƙarƙashinsa ya bar shi. Ya yi haka har rana ta fito sosai. Sai da aka buga tsohuwar tukunyar gas da muke ƙararrawa da ita, bugun farko na shirin coci, sannan ya juyo da kan allon gida.

Da ya iso inda ruwa ke ƙugu ta tare shi. Ledar da ya naɗe ƙafar ta cika da ruwa tana reto. Leɓɓansa sun yi fari. Ta sa kafaɗa ya dafa, Pati ya ɗauki allon, suka ratsa mutane. Bai sunkuyar da kai ba, ya gai da kowa da sunansa, da muryoyinsu yake gane su.

Ta wanke gyambon da ruwan zafi da magani. Gefen ya riga ya yi ja. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce a miƙo masa farar rigarsa, ban da kwat ɗin.

"Baba, ka kwanta mana."

"In kwanta a ce na gudu?"

Ya je cocin. Bai nufi sahun gaba ba, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, inda masu jarirai ke zama. Wani ne ya ɗauki tiren jibi ranar. Fasto bai ambaci sunansa ba, amma wa'azin duk a kan kiyaye rana mai tsarki ne, kuma na tabbata ba wannan wa'azin ya shirya da daddare ba. Maselina tana cikin mawaƙa, bakinta yana motsi ba sauti. Duk wanda ya waiga baya, ji take ita ya kamata a kalla. Kafin a gama cin abincin rana saƙon majalisa ya iso: za a zauna gobe da safe.

Da la'asar ƙauye ya yi tsit, kowa yana barcin Lahadi. Elisaia yana kan tabarmarsa, ƙafar a kan matashi, jikinsa da ɗan zafi. Ta zo ta zauna nesa kaɗan, inda yaro ke zama in ya yi laifi.

"Pati ya zo ɗazu," ya ce. "Ya ce ranar Pago ce ta ruɗe ki."

Ta kafa ido a kan bandejin.

"Na ce masa to. Yaron kirki ne, bai iya ƙarya ba, sai ya yi ta share maƙogwaro."

"Ban ruɗe ba, Baba," ta ce. "Na sani tun Laraba. Asabar ce. Ni na ɗage ta."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na isa Ƙofa. Ruwan ya yi duhu da yashi, ga ɓaraguzan murjani sababbin karyewa suna gogar hannuna. Teku mai jiran baƙo ba haka yake ba. Wannan an riga an yi biki an watse."

"To me ya sa ka zauna?"

"Duk ƙauye ya riga ya gan ni. Tunda zan biya aladu, ai sai in ɗan daɗe."

Ta so ta yi dariya, kuka ya zo a madadinta. Ta ce likita ne ya tsorata ta, ta ce ba ta taɓa zaton zai fita ran Lahadi ba, ta ce gobe za ta shiga gaban majalisa ta faɗi komai.

"Ki ce musu me? Ke kika ɗora ni a kan allon? Na san ranar da na fita, Uwata. Wannan nawa ne, kada ki taɓa min shi." Ya gyara kwanciya. "Ni ma ban zaci zan fita ba. Shekara talatin ina koro mutane, ashe ban taɓa samun abin da ya isa ya jarrabe ni ba ne."

Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Ya daɗe yana sauraron iskar gabas tana kaɗa labulen kaba, sannan ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Jiya yaya ta kasance?"

Ba ta gani ba. Tana Apia tana zuba masa shayi. Hotunan da baƙi suka turo suna cikin wayar, amma idonsa ba zai ga komai a ciki ba.

"Ban gani ba, Baba. Ina tare da kai."

"To karanta min. Abin da kika gani ran Laraba, yadda yake, ba gyara."

Ta ɗauko wayar, ta koma baya zuwa Asabar. Ta share ido don ta ga rubutun. Ta karanta masa inda igiyar ta fito, kudu maso yamma, ta ɗan karkata yamma. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai, ya ce to daga bayan babban dutse za ta fara tashi ke nan. Ta karanta tsayinta. Ta karanta tazarar, daƙiƙa goma sha bakwai, sai ya ja numfashi ta hanci a hankali, yatsunsa suka kama bakin tabarmar. Ta karanta cikar ruwa. Hannunsa na dama ya ɗaga kaɗan, ya tafi a karkace, a hankali, har ya kai ƙarshen inda zai iya miƙewa.

"Iska fa?"

"Daga arewa, Baba. Daga tudu. Ɗan huci kawai, har hantsi."

Hannun ya sauko kan ƙirjinsa. Idonsa a rufe, ruwa yana bin gefen fuskarsa zuwa kunne, bai share ba.

"Sake karanta min iskar," ya ce.

Ta sake karantawa.